Fuskar Sahadatou a Kaset na Ƙarshe

BABI NA SHIDA

"Na hwaɗa miki, kuma ba ni sake hwaɗi. Yaron nan ba ya taka gidana sai da kaset ɗin a hannunshi."

Alhaji Maazou ya faɗi haka ne yana ninke shadda a kan teburin shagonsa na unguwar Château Rouge a Paris, ko ɗago kai bai yi ba. 'Yarsa Rauda na tsaye a bakin ƙofa, farar rigar famasi na leƙowa ta ƙarƙashin kwat ɗinta, don daga wurin aiki ta zarce nan. Ta zo ne da murnarta ta ce dangin Rachidou suna neman a ba su rana. Murnar ba ta ko kai tsakiyar shago ba.

"Baba, don Allah ku saurare ni."

"Na saurare ki wata shida. Ya isa."

Wanda ya ga Alhaji yau da farin gemu da carbi ba zai yarda ba, amma shekara talatin da biyar da suka wuce mai shirya fim ne. Fim ɗaya ya yi da ya zauna a bakin mutane, sunansa Ɗiyar Zara. Labarin wata mace ce da ta sauko daga tauraro cikin jirgi, ta faɗa tsakiyar hamadar Tenere tana neman ruwan da za ta kai wa mutanenta.

Jirgin kuwa, a faɗi gaskiya, gangunan fetur biyu ne da manyan kwanonin silba, wani maƙerin Damagaram ya haɗa. In ka zuba ido, har igiyar da aka rataye shi za ka gani. Amma daga Maradi zuwa Tahoua babu yaron wancan zamani da bai haddace fim ɗin ba, kuma yaran nan su ne yau direbobi da likitoci da 'yan kasuwa a ƙasashen mutane.

Macen da ta fito a Ɗiyar Zara ita ce Sahadatou, matar Alhaji, mahaifiyar Rauda. Ta rasu Rauda na da shekara huɗu.

Bara ne Alhaji ya tayar da ƙura. Ya kira Nazir, ɗan amininsa da ya karanci aikin hoto na kwamfuta, suka zauna wata takwas suna gyaran fim ɗin. Nazir ya share gangunan ya sa wani jirgi mai walƙiya. Ya zana wa Sahadatou mayafi tun daga goshi har ƙasa, a wasu wuraren ma ya juyar da hoton sai bayanta ake gani. Waƙarta aka cire, muryarta aka sa wata ta maimaita. Da aka gama, Alhaji ya lalata asalin faifan da hannunsa, ya bi duk inda aka ɗora tsohon a intanet ya sa aka sauke, tunda haƙƙinsa ne.

Ranar da aka nuna sabon a wani zaure a Paris, kafin a kai rabi kujeru sun fara yin fili. Wani dattijo direban tasi ya miƙe tsakiyar jama'a yana ihu, "Ku maido muna da gangunanmu!" Aka yi dariya, amma shi kuka yake yi da gaske.

Cikin masu fushin nan babu wanda alƙalaminsa ya kai na Rachidou kaifi. Ɗalibin tarihin sinima ne a Lyon, shi ke jan ragamar zauren masoya fim ɗin. Kuma wata biyu da suka wuce ya samo kaset na asali, fes da shi, a hannun wani tsohon mai haska fim a Maradi. Sauran kaset ɗin da ke gidajen mutane duk sun ci kansu, fuska ta zama inuwa. Nasa ne kaɗai ya rage da ake ganin Sahadatou ido da hanci. Ya yi wa jama'a alkawarin haska shi a unguwar Guillotière ta Lyon ƙarshen wata.

Shi ne kuma mutumin da Rauda ta ga dama ta so. Duk samarin da ke cikin Faransa, ni dai ban san yadda aka yi zuciyarta ta tsallake kowa ta je ta tsaya a kan wanda ya kira aikin ubanta "kisan gawa" a gaban dubban mutane ba.

"Baba," ta ce, "ya ba ku haƙuri a kan wancan rubutu. Har sau ukku."

"Ba zagina ya dame ni ba. Su zage ni har su gaji." Sai yanzu ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. "Kin san mi nike gani in na rufe ido? Uwarki, kai ba ɗankwali, tana waƙa, maza dubu suna kallo. Malam ya hwaɗa a wa'azi, ni kuma na ji da kunnena: duk idon da ya kalla, ana rubuta mata, tana kwance cikin kabarinta. Wa ya tsaida ta gaban kamara? Ni. Tana jin kunya, na lallashe ta. Na ce mata wasa ne, Saha, kwana ashirin ne mu gama."

"Allah Mai gafara ne, Baba."

"Shi ne. Amma ni ban gafarta ma kaina ba. Shekara ashirin da ukku tana ƙasa, ban iya kai mata ko kofin ruwa. Abu guda da ya rage in yi mata shi ne in rufe ta. Kuma wani yaro da bai san ta ba ya ce a'a, wai tarihi ne. Matata ce tarihi?"

Rauda ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo mata.

Gwaggo Biba, ƙanwar Alhaji, da ke zaune a kan kujerar masu ciniki tana ɓare gyaɗa, ta ga ƙofa ta buɗe mata.

"Ke ma dai da neman wahala, ɗiyar nan. Ga Nazir, yaro mai ladabi, yana da aikinshi, yana da gidanshi a Montreuil, in ya gaishe ni har ƙasa yake kaiwa. Shi ya suturta uwarki. Wancan kuwa mi gare shi? Tabarau da surutu."

"Gwaggo, ban son Nazir."

"Wa ya ce miki dole? Ubanki bai tilasta ki ba. Mutanen nan dai sun yi magana tun azumi, an ce su jira. Jira kuma yana da iyaka."

Alhaji ya ajiye shaddar. "Ga magana ta ƙarshe. Ya kawo kaset ɗin, ya share duk kwafin da ya yi, ya rantse babu saura. In ya yi haka, wallahi ni da kaina zan ɗaura muku aure, ban ƙara tuna mishi abin da ya wuce. In ya ƙi, to ya zaɓi hilim a kanki, ke kuma sai ki san wanda kike ma kuka. Na ba shi zuwa Asabar."

Kwana biyar ɗin nan Rauda ta yi su ne kamar ba ita ba. Ta miƙa wa mutane magani, ta ce musu sau biyu a rana bayan abinci, ta shiga metro, ta fito, ta dafa tuwo, ta wanke kwanoni. Ba ta da ƙawar da za ta gaya wa. Abokan aikinta Turawa ne, in ta fara bayani za su ce mata ai ta girma, ta yi abin da take so, kamar uba riga ce da ake tuɓewa. 'Yan uwanta na gida kuwa duk bakinsu ɗaya da Gwaggo.

Ta ɗauki waya ta ajiye ya fi sau ashirin. Wannan ba maganar waya ba ce.

Asabar da sassafe ta hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Awa biyu tana kallon gonaki da shanun Turawa suna wucewa ta taga, tana shirya kalmomi, suna wargajewa. Kujerar da ke gefenta babu kowa har aka isa.

Rachidou yana zaune ne wurin yayarsa Maimouna a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, a bene hawa na shida. Maimouna ta tarbe ta da fara'a, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina Alhaji, ina sanyin Paris. Ta kawo shayi, sannan ta shige kicin ta bar ƙofa a buɗe, tana ta buga tukwane don a san tana nan.

Rachidou ya cire tabarau ya goge. Doguwar fuskarsa ta nuna ya riga ya karanta tata.

"Bon. Hwaɗi mini kawai, Rauda."

Ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba. Yana ji, yana kallon kafet.

"Kin san abin da yake nema?" ya ce a hankali. "Mutum ɗari biyu da arba'in sun yi rajista. Akwai wanda zai taso daga Bruxelles. Wata mata ta rubuto mini daga Marseille, ta ce a sinimar Zinder ta kalle shi da babanta, shi ne fita ta ƙarshe da suka yi tare. Hilim ɗin nan ya bar hannun Alhaji tun ranar da aka haska shi. Na mutane ne."

"Matarshi ce, Rachidou."

"Na sani."

"Ba ka sani ba! Kai jaruma kake gani. Shi gawa yake gani da ya wanke ya kai. Kana tsammani mugunta ce? Mutumin nan bai ƙara aure ba. Har yau in an dafa miyar kuka sai ya tashi daga wurin."

"To ke fa? Ke mi kike gani?"

Tambayar ta same ta inda ba ta shirya ba.

"Ni ban ganin komi," ta ce daga baya, hawaye na bin kumatunta. "Hoto biyu gare mu, duk ta sunkuyar da kai. Wanda na kalla ina ƙarama, fuskar duk ta narke. In an ce mini Mama, mayafi nike gani da hannu. Kai kaɗai nike da shi a ƙasar nan da nike magana da shi in ji na yi magana. In na rasa ka, ban san wa ya rage ba. Don Allah, Rachidou. Ban taɓa roƙonka komi ba."

Ya tashi ya tsaya bakin taga. Ƙasa can yara na buga ƙwallo tsakanin dogayen gidaje. Ya daɗe a tsaye har shayin ya huce.

"Niyyata in saka miki shi cikin valise ɗin aure, akwatin lefe," ya ce, bai juyo ba. "Ƙarƙashin zannuwa. Ki buɗe ki gani. Shi ya sa da kika ce ba ki kallo sai mun yi aure, na ji daɗi."

Ya juyo. Shi ma idonsa ya kawo ruwa.

"Za su ce na ci amana. Za su ce an saye ni da mace, kuma ba su yi ƙarya ba. D'accord. Na yarda. Amma sharaɗi guda: ki kalle shi sau ɗaya kahin in share. Ba don ni ba."

"Ina tsoro."

"Na sani. Zauna."

Ya kira Maimouna ta zo ta zauna kusa da ita. Ya jawo labule, ya kunna kwamfutar.

Ga rairayin Tenere, ja wur. Ga gangunan nan biyu suna saukowa suna lilo, igiyarsu a fili. Maimouna ta yi 'yar dariya ta toshe baki. Sai murfin kwano ya buɗe, wata mace ta fito.

Rauda ta matso kusa da allon.

Goshinta ne. Wushiryarta ce. Har yadda matar ke ɗage gira ɗaya in tana mamaki, abin da Rauda ta ɗauka nata ne ita kaɗai a duniya. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai shekarun Rauda na yanzu ba, kitsonta shuku, wuyanta dogo.

Aka zo wurin rijiya. Baƙuwar tauraro ta jawo guga, za ta taɓa ruwa karon farko a rayuwarta. Gugan ya kufce, ruwan ya kwaro mata a ka. Ta yi tsalle, ta manta da fim, ta manta da kamara, ta dubi wanda ke bayanta ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wayyo Maazou, da sanyi!"

Sai ta kama baki da hannu biyu, don ta ambaci sunan miji a gaban mutane. Ana jin dariyar maza a bayan kamara, da wata murya ta saurayi mai cike da farin ciki tana cewa a ci gaba, a ci gaba. Muryar Baba ce. Rauda ba ta taɓa jin ta haka ba.

"Mayar," ta ce.

Ya mayar.

"Ƙara mayarwa."

Sau bakwai. A na bakwai ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban allon, tana kuka irin wanda ba ta yi ba tana da shekara huɗu, don a lokacin an ce mata Mama ta yi tafiya ne. Maimouna ta rungume ta tana cewa, "Yi haƙuri, ƙanwata, yi haƙuri," ita ma tana sharar ido da gefen zane.

Da fim ya ƙare, Rachidou bai jira ta sake magana ba. Ya san in ya jira ba zai iya ba. A gabanta ya share na kwamfuta, ya share na ƙaramin faifan ajiya, ya shiga inda ya ɓoye na uku a intanet ya share. Ya rubuta wa zauren masoya layi biyu: an fasa haskawa, laifinsa ne shi kaɗai, kada a tambaye shi dalili. Kafin ya ajiye wayar ta fara ruri. Ya kifa ta.

Ya ɗauko Alƙur'ani, da alwalarsa, ya rantse babu saura. Sannan ya buɗe kabad ya fito da kaset ɗin, wani ƙato mai launin toka, an rubuta sunan fim ɗin da jan biro a gefe. Irin na gidan talabijin ne na da, injin kunna shi ma sai an yi da gaske ake samu.

"Voilà, ga shi," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi. "Sadakin da ya fi kowanne tsada a Faransa. Ki gaida Alhaji."

Ya raka ta har tashar jirgi ta Part-Dieu. Da jirgi ya motsa ta hango shi tsaye, hannu cikin aljihu, shi kaɗai a dandamalin, mutumin da ya yi asarar mutane ɗari biyu da arba'in a yini ɗaya saboda ita.

Ta rungume jakar a ƙirji har Paris. Ya kamata ta yi murna, ta ci nasara, aure ya tabbata. Amma duk sanda ta lumshe ido sai ta ga ruwa na zuba a kan kitso, kuma tun kafin su wuce rabin hanya ta lura abin ya fara dusashewa. Gira ta dama ce take ɗagawa ko ta hagu? Awa ɗaya kacal, har ta fara mantawa. Wani tsoro ya kama ta wanda bai da alaƙa da Baba ko Nazir.

Ana idar da magariba ta shiga gida. Alhaji na zaune a kan darduma. Gwaggo Biba na gefe. A kan tebur an shimfiɗa jarida, an ɗora babban almakashin shago da guduma. Tun rana ya shirya.

"Kin dawo?"

"Na dawo, Baba. Ina wuni?"

"Lahiya lau." Ya dube ta, kuma abin da ke idonsa ba fushi ba ne, roƙo ne. Tsoho ne da ya gaji, yana so a sauke masa kaya. "Ya ba ki?"

Igiyar jakar na cin kafaɗarta. Taku uku ne tsakaninta da teburin. In ta miƙa, a fasa, a yanka, Baba ya yi barci, a sa rana, ta zama matar Rachidou kafin bazara. Ta dubi gudumar. Ta ji muryar yarinyar nan tana cewa da sanyi.

"Rauda, da ke nike. Ya ba ki?"

"Ya hana, Baba."

Ita kanta ba ta san daga ina maganar ta fito ba.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ban hwaɗa ba? Ban hwaɗa muku ba?"

Alhaji ya kawar da ido daga kanta. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ja carbi ɗaya, biyu.

"Na so ya ba ni kunya," ya ce a hankali. "Wallahi na so. Yi haƙuri, ɗiyata, kin ga dai da idonki." Ya juya ga ƙanwarsa. "Biba, kira gidan su Nazir. Ki ce su zo Juma'a."

Rauda ta wuce ɗakinta. Ta murza makulli, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa, ta fito da kaset ɗin ta ɗora a cinya. Ba ta da injin da zai kunna shi. Ba ta san mai irin injin ba in ba Rachidou ba.

Wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Lyon.

"Kin isa lahiya? Mi Alhaji ya ce? Maimouna ta hana ni sakat, wai wace rana za mu zo, tana so ta kai ɗinki."

Ta bayan ƙofa tana jin Gwaggo ta fara doguwar gaisuwa a waya, da muryar biki.